Kwana Arba'in Ba Gurasa

A Samarkand, bayan kasuwar Siyob gidanmu yake.
Kafin ladan ya yi gyaran murya, babana Ergash ya tashi,
ya zura hannu cikin tanderu har kafaɗa,
ya manna ƙullu a jikin bango mai huci,
ya fito da gurasa zagayayya, mai sheƙi,
an huhhuda cibiyarta da hatimin ƙusoshi,
an barbaɗa mata habbatus sauda.

Ni sunana Mohichehra.
A bakinmu, mai fuskar wata ke nan.
Wanda ya raɗa sunan bai hango goshina ba
a shekarata ta goma sha bakwai:
ƙuraje sun kafa sansani daga haɓa har gindin kunne,
wannan ya nuna, wancan yana tafe,
wani ya tafi ya bar tabo yana riƙe masa wuri.

Likita Tursunova ta juya fuskata wajen taga.
"Me kike ci da safe?" Gurasa da shayi.
"Da rana?" Taliya, da gurasa a gefe.
"Da dare fa?"
Na dubi takalmina. Ta yi dariya.
Ta ce, "Ki ji ni da kyau, ban ce alkama ce ba.
Wasu sun bari sun ga sauƙi,
wasu sun bari, yunwa kawai suka gani.
Ƙila farin gari ne, ƙila madara,
ƙila shekarunki ne ke wucewa ta kan fatarki.
Gwada kwana arba'in. Rubuta abin da madubi ya faɗa."

To, a gidan da ba a kifa gurasa,
ba a sa mata wuƙa, sai dai a gutsura da hannu,
in ta faɗi ƙasa a ɗauka a sumbata a kai goshi,
a gidan da wadda yayana Otabek ya gatsa
ranar da ya tafi neman kuɗi Rasha
take rataye a bango shekara biyu tana jiran sauran haƙoransa,
da wane baki zan ce ba na ci?

Kakata Oybibi ta dire kofin shayi.
"Abin da ya raini kakanninki bakwai,
yau ke zai ci wa amana?"
Baba bai ce uffan ba.
Ya dai ja gurasar zuwa can ƙarshen shimfiɗa,
ya lulluɓe ta da ƙyalle, kamar mai laifin da ake ɓoyewa,
ya turo mini shinkafa da karas da ƙashin rago.

Amma ƙamshi ba ya sallama.
Kullum asuba yana bin ƙarƙashin ƙofa
ya zauna a bakin gadona.

Kwana tara: sababbi biyu.
Kwana goma sha takwas: haɓa ta lafa.
Ashirin da shida, ranar bikin Gulchiroy,
ɗaya ƙato a kan hanci, ja kamar ƙwayar rumman.
Talatin da uku: na manta ban duba ba.

Ranar arba'in goshi ya yi sarari, gaskiya.
Sai dai jarrabawa ma ta wuce,
barci ya dawo, na daina matsa da farce,
zafi ya sauka, inabi ya cika kasuwa.
Sata ɗaya, waɗanda ake zargi shida,
kowa kuma ya bar gari rana guda.
Likita ta karanta littafina, ta ɗaga kafaɗa:
"Yanzu ki ɗan ci, mu ga ko zai dawo."

Asubar arba'in da ɗaya na sauko tsakar gida.
Wata bai faɗi ba tukuna,
yana nan da dabbare-dabbarensa a saman bishiyar tuffa.
Baba ya ciro ta farko, yana jujjuya ta tsakanin tafuka,
ya gutsuro kamar faɗin yatsu uku,
ya tsaya, ya dubi goshina, ya rage ɗaya.

Ta ƙona mini harshe.
Na rubuta: kwana ɗaya, yatsu biyu.
Gobe sai mu ji ta bakin madubi.