Ƙaramar Kwalba

Ni ce mai tsaron inji.
A bakin tsibirin Chiloé, kudu da Quellón,
inda ruwa ke da launin tsohuwar dalma,
yayana Nibaldo yana ƙasa, gaba goma sha biyar,
yana tsintar bushiyar teku yana zubawa a raga.
Abin da ya haɗa mu mesa ce rawaya,
kaurinta bai wuce babban yatsana ba.
Numfashinsa ta tafin hannuna yake wucewa.

Kawu Eladio ya ce kwalbar asarar kuɗi ce.
"Shekara arba'in ina shiga ruwan nan,
ban taɓa goya iska kamar jinjiri ba.
Inji ya mutu? Kwance ɗamarar dalma, ka taso.
Yawan kaya ke sarƙe mutum a ciyawar ƙasa,
kuma wanda ya san yana da ajiya
shi ke zarce inda ya kamata ya tsaya."
Ba duka ne ƙarya ba.
Sai dai yana faɗi yana dogare da sanda,
ƙafarsa ta hagu, tun wata tasowa ta gaggawa,
ba ta ƙara sanin zafi ko sanyi ba.

Da kuɗin safa na saye ta,
ƙafa talatin da ɗaya na saƙa da ulun tumakinmu.
Tsawonta ko kamu ɗaya bai kai ba.
Nibaldo ya jujjuya ta yana dariya:
"Numfashi nawa ke cikin wannan abar?"
Na ce, "Guntun gatarinka dai."
Ya ɗaura ta a haƙarƙari don gudun fushina.
Damina uku tana shan gishiri, ranarta ba ta zo ba.

Wata Talata, ana yayyafi,
inji ya yi tari biyu, ya yi shiru.
Ban san teku na da irin wannan shirun ba.
Na ja igiya. Na sake ja. Ta tsinke a hannuna.
Na leƙa ruwa.
Kumfar da nake karantawa tun safe kamar wasiƙa
ta ɗauke.

Ɗaya. Biyu. Har goma sha huɗu.
Addu'a ta gudu daga bakina, ƙirga kaɗai ta rage.

Sai ga su, 'yan ƙanana, a jere,
can gefe kaɗan da inda nake zuba ido,
suna tasowa ba sa sauri.
Ya zo ƙarƙashin jirgi, ina hango duhunsa,
ya tsaya yadda aka ce a riƙa tsayawa,
yana shaƙar safata ƙafa bayan ƙafa.

Da ya kama gefen jirgi, leɓensa shuɗi,
ga abin da ya fara fitowa daga bakinsa:
"Na baro ragar a ƙasa, kuma cike take."
Na buge shi da guntuwar igiyar,
sannan na zauna, don gwiwoyina sun ƙi ni.

Da dare, a gaban murhu, ana ɓare dankali,
Kawu Eladio ya ce, "Da ni ne, da na taso haka nan."
Nibaldo ya dubi sandar, bai tanka ba.
Ni kuma na jawo kwandon ulu.
Gobe sai an kai ta Quellón an cika,
ga inji yana jiran sabuwar igiya,
kuma ba a ba da ko ɗaya bashi.