Yatsa Na Shida

A Sabon Zango, bayan shagon mai gyaran rediyo,
Baba Cindo ke zama da gwangwanin madara
cike da gashin zabuwa.
Ya naɗe ƙugiya da jan zare,
ya lasa, ya ciza,
sai ga ƙwaron da bai taɓa numfashi ba.

Asabar da asuba mu bi shi Weija.
"Kar inuwarka ta riga ka isa ruwa,"
iyakar karatun ke nan.
Karfasa ta taso, ta gaskata ƙaryarsa.

Jiya, bayan sadakar arba'in, na buɗe gwangwanin.
Saura uku. Ɗaya bai gama ba.
Na gwada, zaren ya warware.
Yatsuna biyar ne, Baba.
Ashe da na shidan kake danne ƙullin.