Wadda Ta Ɗinka Rigar

A cunkoson Oshodi na saye ta.
Wani yaro ya miƙo ta tagar danfo,
ya ce dubu huɗu, na taya biyu, ya sallama.
Baturiya ce ta zamanin da,
ta jingina da ginshiƙi, wuya kamar na zalɓe,
lu'ulu'u zagaye uku,
ɗan kare a gabanta yana kallon wani wuri.

Na rataye ta a shagona a Agege,
bisa keken ɗinki, kusa da kalandar bara.
Masu kawo ɗinki kan ce: Tabawa, kakarki ce?

Ni ba fuskar nake kallo ba,
rigar nake kallo.
Siliki ruwan toka, tattara bisa tattara,
na ƙirga saba'in a hannu ɗaya, na gaji.
A ƙasan takardar ga sunan mai zane,
ga nata, har da na mijinta.
Wadda allura ta soke,
ta tsotse jinin kada ya taɓa yadin,
babu ita.

Danshin Legas bai san manya ba.
Ya shiga ta bayan gilashi,
fumfuna ta ci kuncin uwargida, tana gangarowa wuya.
Rigar dai ba ta kai gare ta ba tukuna.

Jiya da aka ɗauke wuta
na haska kalmasar hannun da fitilar waya.
Akwai wuri guda da zaren ya karkace.
Na ce: sannu, 'yar'uwa,
ashe ke ma dare ya yi miki.