Ruwan Da Ba Ya Jiƙa

A Thuwal, bakin Bahar Maliya,
bene na uku, inda na'urar sanyi ba ta barci,
wata bakwai ina ɗinkin abin da ido bai taɓa gani ba.

Ƙwayar zarra sittin, duk dangin gawayi,
sun kama hannun juna sun dunƙule
kamar ƙwallon da yara ke bugawa bayan la'asar.
Ɗaki ne ba ƙofa, ba taga, ba kowa a ciki.
Aikina in tsaga masa baki,
ba da aska ba, da sinadari da lallashi,
in matsa ruwa, in ƙara matsawa,
har ƙwaya ɗaya tak ta faɗa,
sannan in ɗinke kamar ba a taɓa ba.

Sau goma sha ɗaya bakin ya ƙi haɗuwa.
Sau biyu ya haɗu, baƙon ya riga ya sulale.
Mu'awiya, mutumin Wad Madani,
ya kan ajiye min shayi mai na'ana'a a bakin ƙofa,
don ba a shiga da shi.
Ya ce, "Barira, kakanki masunci ne a Yawuri, ko?
To ga gura kin kafa, sai dai kifin ya yi ƙanƙanta."

Daren Talata, ƙarfe biyu da kwata,
wani siririn layi ya miƙe a fuskar kwamfuta
can ƙasa da sifili,
wurin da ruwan kofi ba ya tsayawa.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Yana ciki.

Ban yi guɗa ba. Na dai zauna.

Don na san abin da na yi masa.
Ruwa da 'yan'uwansa yake ruwa:
da su yake gudu, da su yake daskarewa.
Jiƙawa aikin gayya ne.
Wannan kuwa juyi kawai yake a duhunsa,
bai riƙe kowa ba, ba a riƙe shi ba,
ba zai zama raɓa ba, balle ya kashe ƙishi.
A takarda za mu ce yanzu ne muka ga ainihinsa.

Da asuba na kira Inna.
Na yi mata bayani da ƙwarya da tsakuwa.
Ta yi shiru, ina jin zakaran maƙwabta,
ta ce, "Madalla. To, yaushe za ku buɗe masa?"
Sai kuma, kamar wata magana daban:
"Bana ma ba ki zuwa?"

Na sauka bakin teku da farar rigar aiki.
Wani dattijo na zazzage kejin waya a kwalekwale,
manyan a kwando, ƙananan yana mayarwa.
A aljihuna akwai kwalba, garin cikinta baƙi-baƙi,
busasshe ƙamas, cike da ruwa.

Na cire takalmi.
Na shiga har gwiwa.