Minti Uku

Biyar da rabi nake ɗaga ƙyauren shago,
kafin haske ya taɓa wayoyin sama.
Romon kifi na tafasa, albasa na jiran wuƙa,
tasha na hamma, ni ma ina taya ta.

Shagona taku shida ne, tsakanin layi na biyu da na uku,
babu kujera ko ɗaya.
A tsaye ake ci a nan, kamar zalɓe a bakin rafi.
Osaka na can gaba da buɗaɗɗen baki,
kullum da safe mu ake ɗura mata,
da dare ta dawo da mu a tauna.

Bakwai na bugawa matakala ta fara zubo su:
baƙar kwat, baƙar kwat, jaka, lema,
'yan makaranta da hulunansu rawaya.
Kowa ya taɓa kati, ƙofa ta ce ƙit, ta ba shi hanya.
Dubu nawa ne? Babu mai magana,
takalma kaɗai ke hira da daɓe.

Noboru mai farar safar hannu
ya nuna agogo, ya nuna layi, ya nuna jirgi,
sannan ya sa kafaɗa ya danna na ƙarshe ciki
yana ba shi haƙuri,
kamar mai cusa auduga a buhun da ya riga ya cika.
Kumatu a jikin gilashi. Jelar kwat a bakin ƙofa.

Ban san sunayensu ba, bakunansu na sani:
mai ɗanyen ƙwai, mai barkono sau biyu,
yarinyar da ke tsame albasa ta jera a gefen kwano,
da wani mai furfura a bayan kunne,
taliya da soyayyen jatan lande, romo kaɗan.
Shekara goma sha tara.
Bakwai da talatin da takwas ya ajiye tikiti,
bakwai da arba'in da ɗaya kwano ya dawo fes.
Ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba,
tururi ya riga ni zuwa tabarau.

Yau Talata, ana yayyafi.
Bakwai da talatin da takwas ta zo ita kaɗai.
Na riga na jefa jatan landen a mai,
ya yi ja, ya huce a faranti, ya saduda.
A tashar nan in mutum bai zo ba, ba a cigiya.
Allon sama ne ke rubuta jinkiri,
kuma kowa ya san abin da wani jinkirin ke nufi.
Na ɗaga kai. Komai a kan lokaci.
Na wanke kwano uku, na sake ɗaga kai.

Sai goma da kwata,
dandamali ya yi fayau, tattabaru sun karɓi aiki,
ga shi nan tafe, babu jaka, babu kwat,
cikin rigar sanyi ruwan ƙasa mai gajerun hannuwa.
"Jiya suka ba ni furanni," in ji shi,
"ban san inda ake zuwa da safe ba."

Na zuba masa. Ya ci a hankali,
jirage huɗu suka wuce ta bayansa bai waiwaya ba.
Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.
"Ashe da ɓawon lemo a romon nan?"
Shekara goma sha tara ina sa shi.

Ya ce shi ne Morishige. Ya tambayi nawa.
Na daɗe ban faɗe shi a wurin nan ba,
sai da na gyara murya: Fusae.

Jirgin goma da rabi ya buɗe ƙofofinsa,
ya jira, ya rufe.
Kwanon da saura.