Baƙi Biyu a Suwame

Biyu suka kwana a garejina a Suwame,
ƙarƙashin kwanon da ruwan Yuni ke duka.
Ɗaya Sitiroyen ce, 'yar Faransa,
an ƙera ta tun ina yaron shago mai miƙa sifana.
Ɗayar Bentili, 'yar Ingila,
ba ta girmi autan jikokina ba.

Tsohuwar in za ta yi barci durƙusawa take,
cikinta har ya kusa shafar ƙasa.
Murɗa makulli, ka jira,
ba ta son gaggawa.
Sai koren mai ya zaga jijiyoyinta,
baya ya ɗaga, sannan gaba,
tashin raƙumi sak.
Fitilunta na bin sitiyari,
su riga ka leƙa kwana.

Yarinyar kuwa nauyi gare ta, nauyin mai kuɗi.
Silinda goma sha biyu, ko tari babu.
Rufe ƙofarta ka ji:
guduma, walda, cinikin masu gwangwan,
duk Suwame ta yi tsit
kamar an kife ta da ƙwarya.
Sai dai ba ta yi da ni.
Shekara arba'in ina kafa sukudireba a kunne
ina sauraron ciwon inji,
wannan sai Kwadwo ya soka mata waya
take faɗa masa damuwarta, da lambobi.

Mako bakwai ke nan tana jiran wani ɗan ƙarfe
da bai fi ƙwayar dabino ba,
wai yana cikin jirgi.
Asiyedu mai zinare ya bugo waya har ya gaji.
Na tsohuwar, Agya Bowaki ne ya fiƙe shi jiya
daga ragowar wata tifa,
ya karɓi sidi tamanin da goro biyu.

Kwadwo ya ce, Baba Inuwa, wacce ta fi?

Na ce, je ka wanke hannu.

Me zan gaya masa?
Cewa Alhaji Sanda ya ɗauke ni a tsohuwar nan
zuwa tafkin Bosomtwi, ranar wata Lahadi,
da kofin shayi a cinyata,
ramukan hanya suka wuce ƙarƙashinmu
ko ɗigo bai zuba ba?
Alhaji ya yi shekara tara a maƙabartar Tafo.
'Yarsa Ladidi ke turo motar duk damina,
ba don za ta je ko'ina ba,
don dai a tashe ta.

In tsere ne, yarinyar za ta kai Ankara
tsohuwar na Konongo tana haki.
Na sani. Ba na musu.

Amma da magariba, da yara suka watse,
na kashe injin Sitiroyen, na tsaya.
Ta yi ajiyar zuciya,
ta sauka a hankali, a hankali,
yadda nake sauka kan buzuna
tun da gwiwa ta fara ba ni labari.