Rana da Wata a Bayan Ambulan

Bara da haka na buɗe takardar:
"Tun ina ƙarama nake mafarkin zama likita."
Mu dubu nawa muka yi wannan mafarki a layi ɗaya?
Amsarsu ta zo gajera,
rabinta ma godiya ce.

Bana na ciro ta daga ƙarƙashin katifa
na kai wa Malam Ɗan'ige, tsohon nas na unguwarmu, Mabera.
Ya matsa da ita kusa da fitila, ya karanta, ya shinshina.
"Wagga takarda ba ta da warin asibiti, ɗiyata.
Turare zalla.
Ke, ina kike cikinta?"

Jan bironsa ya bi ta kan "al'umma" sau shida.
"Jajircewa" ta faɗi.
"Ban taɓa gazawa ba" ya zagaye, bai ce komai ba,
ya miƙo min biron.

Na soke da hannuna.

To, me ya rage?
Wata tara a ƙaramin asibitin Kware ina rubuta kati.
Ranar farko da aka kwance ƙafar wani mai ciwon suga
ni aka fara yi wa fifita.
Kashegari na dawo. Jibi ma.
Sati uku, ni ke riƙe kwanon, ban kau da kai ba.

Sai Inna Hajo daga Gwadabawa,
ƙwayoyi kala uku a ƙulle a gefen zane,
ba boko, ba ajami.
Na zana mata rana a bayan ambulan ɗaya,
wata a bayan ɗaya,
na uku na yi akushi.
Da ta dawo awon jini ta ɗaga min su, babu ko ƙwaya,
ta ce watan nawa ya fi kama da ƙosai.

Wannan na sa a layin farko.

An ɗauke wuta. Zufa na ɗiga a kan sakin layi na uku,
waya saura kashi tara.
Akwai gurbin da suke tambaya: me ya canza tun bara?
Na daɗe ina kallon gurbin.
Na rubuta: Kun ƙi ni, kuma da gaskiyarku.
Na goge.
Na rubuta: Na koyi riƙe kwano.

Gobe Malam zai ce ta yi gajarta.
Ko ya ce in cire ƙosan.
Ba zan cire ba.